MALAM-BUƊE-LITTAFI A CIKIN AJI: HANYAR KOYA WA YARA DAIDAITON ƁANGARORI TA ZANEN ƘWARI

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin malaman ƙananan azuzuwa na makarantun firamare, da masu kula da makarantun renon yara, da kuma iyaye maza da mata a ko'ina cikin Nijeriya. Nufinsa shi ne ya bayyana hanya mai sauƙi, wadda ba ta cin kuɗi, ta koya wa yaro ɗaya daga cikin tushen ilmin lissafi tun kafin ya iya rubutu sosai.

Tun daga watan Satumba na 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, har zuwa shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa masa doka a 2004, yawan yaran da ke shiga makaranta ya ƙaru ƙwarai. Amma shiga aji daban, fahimtar abin da ake koyarwa daban. Yara da yawa suna fita daga firamare suna tsoron lissafi, domin sun san shi ne a matsayin haddar lambobi kawai, ba su taɓa riƙe shi da hannu ba, ba su kuma taɓa ganinsa a cikin abubuwan da ke kewaye da su ba. Yaron da ya tsani lissafi yana ɗan shekara 7, da wuya ya so shi yana ɗan shekara 17. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

An ɗauki misalan da ke ciki daga Kafanchan da kewayenta, a kudancin Jihar Kaduna, amma duk abin da aka faɗa ana iya yinsa a kowane gari da kowane ƙauye.

Mene Ne Daidaiton Ɓangarori?

Idan aka ninke abu gida biyu, rabi ɗaya ya hau kan ɗaya rabin ya rufe shi sarai, babu abin da ya yi saura, babu abin da ya gaza, to, sai a ce abin nan yana da daidaiton ɓangarori. Wurin da aka ninke ɗin shi ake kira layin daidaito. Kowane ɗigo da ke hannun dama na layin yana da ɗan'uwa a hannun hagu, kuma nisansu daga layin ɗaya ne.

A lura da abu ɗaya mai muhimmanci: rabin nan biyu suna fuskantar juna ne, kamar mutum da hotonsa a madubi. Tafin hannun dama da na hagu suna haɗuwa daidai in an tafa su, amma takalmin dama ba ya shiga ƙafar hagu. Wannan juyawar ita ce ainihin darasin, kuma ita ce ta fi ba yara wuya.

Tutar Nijeriya, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959 aka kuma ɗaga ta ran 1 ga Oktoba 1960, tana da layin daidaito guda 2: ana iya ninke ta daga dama zuwa hagu, kore ya hau kore, ana kuma iya ninke ta daga sama zuwa ƙasa. Siffa mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya da kusurwa a miƙe tana da layi 4. Kowane ɗaki na saƙar zuma, mai gefe 6, yana da layi 6. Da'ira kuwa, irin ta faifai, layukanta ba su ƙidayuwa.

Me Ya Sa Aka Zaɓi Ƙwari?

Dalili na farko shi ne kusanci. A ƙasar Kafanchan damina takan fara tun wajen Afirilu, ta kai Oktoba, kuma ciyawa da itatuwa suna da yawa, daga gindin duwatsun Kagoro zuwa dajin Nindam da bakin ruwan Matsirga. Yaro ba ya bukatar littafi kafin ya san fara, da gyare, da buzuzu, da ƙoƙi-ƙoƙi, da mazari, da shingen da ke fitowa bayan ruwan farko ya kewaye fitila. Masana sun lissafa irin malam-buɗe-littafi fiye da 1,000 a Nijeriya kaɗai, kuma ƙwarin da aka raɗa wa suna a duniya sun kai kimanin iri miliyan ɗaya.

Dalili na biyu shi ne ƙirar jikinsu. Ƙwaro na ainihi yana da sassa 3: kai, da ƙirji, da ciki. Yana da ƙafa 6, uku a dama uku a hagu, da ƙaho biyu na shinshina. Yawancinsu suna da fukafuki 4, biyu a kowane gefe, sai dai ƙuda da sauro masu fukafuki 2. Gizo-gizo da kunama suna da ƙafa 8, saboda haka masana ba su lissafa su cikin wannan rukuni, ko da yake a bakinmu duk ƙwari muke ce musu. Idan aka ja layi daga kan ƙwaro zuwa ƙarshen cikinsa, sai a ga komai ya rabu biyu-biyu.

Dalili na uku yana cikin harshenmu. Wanda ya fara kiran wannan halitta malam-buɗe-littafi ya riga ya lura da darasin: fukafukanta suna buɗewa suna rufewa kamar shafuka biyu na littafi, jikinta kuwa shi ne ɗinkin tsakiya. In ta sauka a kan fure ta haɗa fukafukanta sama, na dama yana rufe na hagu daidai. Watau ita da kanta take yi wa yara gwajin ninki. A Kafanchan, inda aji ɗaya kan haɗa 'ya'yan Fantswam, da Agworok, da Bajju, da Atyap, da Ham, da Hausawa, da Fulani, da Ibo, da Yarabawa, yana da kyau malami ya fara da tambayar kowane yaro yadda ake kiranta a gidansu. Ta haka kowa zai ji darasin nasa ne.

Kayan Aiki

Ba lalle ba ne a sayi komai. Tsofaffin takardu, da bayan kalanda, da kwali sun isa. Launi kuwa ana samunsa a gida: gawayi da aka niƙa yana ba da baƙi, jar ƙasa tana ba da ja mai duhu, ruwan zoɓo yana ba da ja mai haske, gangamau yana ba da rawaya, bula ta wanki tana ba da shuɗi, farar ƙasa kuwa fari. A dama kowanne da ruwa kaɗan, a zuba ɗan jiƙaƙƙen ƙaro ko kunun sitacin rogo domin ya kama takarda. Kaurinsa ya zama kamar na kunu, domin in ya yi ruwa-ruwa zai malale ya ɓata aikin. Gashin kaza ko tsinken da aka tauna bakinsa ya isa abin shafawa. Sai ƙaramin madubi ɗaya ko biyu, da almakashi marar tsini, da tsakuwa, da 'ya'yan tsamiya, da marafan kwalba.

Mataki Na Ɗaya: A Fita A Duba

Gani ya kori ji. Kafin a taɓa takarda, malami ya fita da yara farfajiyar makaranta da hantsi, lokacin da rana ta ɗumama ƙwari suka fara yawo. Minti 15 ya isa. A tsaya shiru kusa da furanni, a duba. Malami ya yi ta tambaya: Fukafuki nawa kuka gani? Ɗigon da ke wannan gefe, akwai irinsa a wancan? Ina tsakiyar jikinta? Kada malami ya yi gaggawar ba da amsa, kada kuma ya ambaci sunan darasin tukuna. Yaro ya fara gani da idonsa, suna ya biyo baya.

Mataki Na Biyu: Launi A Cikin Ninki

Wannan shi ne aikin da ya fi dacewa da 'yan shekara 4 zuwa 6.

1. A ba kowane yaro takarda, ya ninke ta biyu, gefe ya hau gefe, ya murza ninkin da farce, sa'an nan ya buɗe.
2. Ya ɗiga launi biyu ko uku a gefe ɗaya kaɗai, kusa da ninkin. Ɗaya gefen a bar shi fari.
3. Kafin ya rufe, malami ya tambaye shi: In ka rufe ka buɗe, ina jan nan zai fito? Ya nuna wurin da yatsa.
4. Ya rufe takardar tun launin bai bushe ba, ya shafa da tafin hannu daga wajen ninkin zuwa baki.
5. Ya buɗe a hankali. Fukafuki biyu za su bayyana, kowanne hoton ɗan'uwansa.
6. In ya bushe, a zana jiki da gawayi a kan ninkin, a sa ƙaho biyu da ƙafa uku a kowane gefe.

Lamba ta uku ita ce zuciyar aikin. Idan aka tsallake ta, yara za su yi wasa da launi su ji daɗi, amma tunaninsu bai yi aiki ba. Yaron da ya yi hasashe, sa'an nan ya buɗe ya ga ko ya dace ko ya kuskure, ya fara yin abin da masu ilmin kimiyya ke yi.

Mataki Na Uku: Ninki Da Yanka

'Yan shekara 6 zuwa 7 sai su ninke takarda, su zana rabin ƙwaro a jikin ninkin: rabin kai, rabin ƙirji, rabin ciki, da fukafukan gefe ɗaya. Su yanke a ninke, ko su yage da yatsa in babu almakashi. In sun buɗe sai ga cikakken mazari ko buzuzu. Wani yaro zai yi zanensa a bakin takardar da ke buɗe, in ya yanke sai ya sami rabi biyu a warwatse. Kada a yi masa faɗa. A kira sauran yara su duba, su gano da kansu dalilin da ya sa nasa ya rabu, domin a nan za su fahimci cewa layin daidaito shi ne ya riƙe ɓangarorin biyu.

Wannan hanya ta daɗe a duniya. Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar renon yara a Jamus ya kuma raɗa mata sunan da ke nufin lambun yara a 1840, ya sa ninkin takarda da yankanta cikin manyan ayyukan ɗalibansa.

Mataki Na Huɗu: Wasan Tsakuwa

Inda takarda ta yi ƙaranci, ko aji ya cika, ƙasa ita ce allo. A ja layi a kan yashi, a zana fukafuki biyu manya. Yara su zauna biyu-biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na dama ya ajiye ƙwallon tsamiya a cikin fiffikensa, na hagu ya ajiye nasa a inda ya kamata. Su auna nisa daga layin da yatsu ko da tsinke. Bayan ajiya 5 sai su musanya. A ƙarshe a kafa madubi a kan layin, a duba ko abin da ke cikin madubi ya yi daidai da abin da ke bayansa. A wannan wasa yaro yana ƙidaya, yana awo, yana kuma koyon haƙuri da abokin aiki.

Mataki Na Biyar: Cika Rabi

'Yan shekara 8 zuwa 9 sun isa yin aiki a littafin lissafi mai gida-gida. Malami ya ja layi a tsaye, ya zana rabin ƙudan zuma a gefe ɗaya, yara su cika ɗaya gefen ta hanyar ƙidaya gidaje: in ƙarshen fiffike yana gida 4 daga layin a dama, lalle ya kasance gida 4 a hagu, a kan jeri ɗaya. In sun iya wannan, sai a kwantar da layin, rabin ya kasance a sama su cika ƙasa. Daga baya a karkata shi. Da yawa za su ga na kwance da na karkace sun fi wuya, saboda haka a bi su sannu.

A nan ne kuma za a shigo da lambobi. Ƙafa 3 da 3 sun zama 6. Fukafuki 2 da 2 sun zama 4. In akwai ɗigo 5 a fiffiken dama, nawa ne duka? In duka 14 ne, nawa ne a gefe ɗaya? Ta haka ninki biyu, da rabi, da lambobin da ke rabuwa biyu ba saura, duk za su shiga kan yaro ba tare da bulala ba.

Kurakuran Da Za A Sa Wa Ido

Na farko, yaro yakan kwafi rabin da aka ba shi ya ajiye a ɗaya gefen ba tare da ya juya shi ba, sai fukafukan biyu su fuskanci waje ɗaya. Maganinsa madubi da ninki, ya gani da kansa.

Na biyu, yaro yakan zaci duk layin da ya raba abu biyu daidai layin daidaito ne. A ba shi takardar littafi, wadda tsawonta ya fi faɗinta, ya ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Rabin biyu girmansu ɗaya, amma ba su rufe juna ba, kusurwoyi sun leƙo waje. Wannan gwaji ɗaya ya fi dogon bayani.

Na uku ya shafi karatu. Yara ƙanana sukan rikita b da d, haka kuma ɓ da ɗ sukan ruɗe su, har wasu su rubuta 3 ko 7 a juye. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma yawanci yakan ragu da kansa wajen shekara 7 zuwa 8. Idon ɗan Adam ya saba ɗaukar abu da juyayyensa a matsayin abu ɗaya, gama akuya akuya ce ko ta dubi gabas ko ta dubi yamma. Sai a rubutu ne juyawa ke sauya ma'ana. Yaron da ya yi wasa da madubi, ya iya cewa wannan juyayyen wancan ne, ya sami abin da zai riƙe ya bambance su. Malami na iya sa yara su gwada manyan baƙaƙe: A, H, M, O, T, U, W da Y ba su sauyawa in an kafa madubi a tsakiyarsu a tsaye, B, C, D, E da K kuwa sai an kwantar da shi, irin su F, G, J, N, R, S da Z ba su da layin daidaito ko ɗaya.

Ya kamata kuma manyan yara su san cewa halitta ba ta bin ma'auni kamar zanen takarda. Wani fiffiken tsuntsu ya cizge shi, wata farar ta rasa ƙafa. Namijin gyare yana ɗora fiffike ɗaya a kan ɗaya ne, yana goga su, shi ne kukan da muke ji da dare.

Gargaɗi

Kada a bar yara su kusanci rina, ko zanzaro, ko amyar zuma, kada kuma su taɓa gizaka ko su ɗaga duwatsu, saboda kunama da maciji. Kada a kama malam-buɗe-littafi da hannu, domin garin da ke manne wa yatsa ƙananan ɓawo ne masu ɗauke da launin fiffikenta, in sun goge ba su sake fitowa. Kallo ya isa. A tuna wa yara cewa ƙudan zuma da ire-irensa suna ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, kuma ta haka kabewa da mangwaro da wasu amfanin gona ke yin 'ya'ya. Kada a ba yaro reza ko fasasshen madubi. Kada a dama launi a cikin gwangwanin maganin feshi, kada kuma a fasa batir a ɗebi baƙin garinsa. A wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Idan akwai iyayen da, saboda fahimtarsu ta addini, ba su so 'ya'yansu su zana abu mai rai, malami ya saurare su cikin ladabi. Ganyen mangwaro, da ganyen rogo, da zanen hula suna koyar da darasi ɗaya, kuma duk matakan da aka ambata ana iya binsu da su.

Daga Aji Zuwa Sana'a

Wani uba zai ce ya aika ɗansa makaranta ne ya koyi karatu, ba wasa da jar ƙasa ba. To, ya dubi tela: yakan ninke yadi biyu kafin ya yanka wuyan riga, domin kafaɗa ta yi daidai da kafaɗa. Ya dubi kafinta mai haɗa ƙofa, da magini mai ɗora baka, da mai saƙa tabarma, da mai ɗinkin hula, da mace mai yi wa amarya zanen lalle a hannu biyu. Dagin Arewa da ake gani a bangon gidaje da gaban riguna, kyansa duka daga daidaito yake. Kafanchan ta bunƙasa ne bayan da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, inda hanyar Fatakwal ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos. Kuma tarago ba ya tsayawa a kan dogo sai ƙafafunsa na dama da na hagu sun zama ɗaya. Haka fukafukan jirgin sama, haka gada.

Wannan basira ta daɗe a ƙasar nan. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, daga baya Bernard Fagg ya yi bincike a kansu, aka adana da yawa a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Waɗanda suka gina su fiye da shekara 2,000 da suka wuce sun san yadda za a sa ido ya yi daidai da ido. Yaron Kwoi ko Zonkwa da ke mulmula buzuzu da laka, yana ƙidaya ƙafa uku a kowane gefe, gadon kakanninsa yake bi.

Kira Ga Iyaye Da Malamai

Malamai su ware darasi ɗaya a mako har mako 4 ko 5, su bi matakan nan bi da bi, su liƙa aikin kowane yaro a bango da sunansa, ba na gwanaye kaɗai ba. Shugabannin makarantu su bar malamin lissafi da malamin zane su shirya darasin tare. Iyaye su tara tsofaffin takardu su aika makaranta, in yaro ya kawo aikinsa gida su karɓa, su ce ya nuna musu layin daidaito, sa'an nan su sa shi ya nemo abu 3 a cikin gida masu irinsa. A ba 'ya'ya mata dama daidai da 'ya'ya maza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa, ya kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.